Ramukan Ya Kellu a Cikin Tafki

Kyariri, cikin bazara

Zuwa ga maigidana Grema, ɗan makarantar Damagaram,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina karatu, ina zafin birni? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke tashina kafin ladan. Babanka Kyari yana lafiya, ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Bayan haka, kai wane irin miji ne? Matarka ta yi ƙaura, ko allura ba ka aiko mata ba. Ba don na tsufa da neman wani ba, da tuni alƙali ya ji labarinka.

Rubutun nan nawa ne, da hannuna. Makarantar manya da kuka riƙa yi mini dariya a kanta, ga ranarta. Inda ka ga harafi ya kwanta, ƙyale shi, gajiya ya yi.

To, gyara zama. Kakarka a cikin tafki take zaune. Ba a bakinsa ba, a cikinsa. Ka san tun farin nan da ya cinye mana gero da shanu ruwan Cadi ya ja baya ya bar makwancinsa a buɗe. Daga Boso muka gangaro da jakuna, muka yi ta tafiya a kan baƙar ƙasa mai tsagewa, ɓawon katantanwa na ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Babu itace, babu dutse, babu tudun yashi. Ban taɓa sanin sama tana da girma haka ba, ashe a gida tuddai ne ke rage mata. Na ga kwale-kwale a kife a kan busasshiyar ƙasa, tsuntsuwa ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Na ga ƙashin bayan kifi, na kwanta kusa da shi don in gwada, ya fi ni tsawo. Jakinmu ma da ya saba kuka, ranar bakinsa ya mutu.

Da muka iso wani ɗan tudu, babanka ya soke sanda a ƙasa, ya kira salla, shi ke nan wai an yi gari. Gidajenmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, amma har an raɗa masa suna Kyariri. Na ce ni na haifi Kyarin, a sa sunana mana, aka ce ba a taɓa yi ba.

Rijiya kuwa, kada ka tuna tamu ta gida da ake jan igiya har hannu ya yi kanta. Nan babanka ya haƙa iya ƙugu, ruwa ya ɓuɓɓugo, mai daɗi, ba kanwa. Na tsaya a kansa, sai hawaye.

Muna da maƙwabci, wani dattijo Babudume mai suna Mbodu, a tsibiran tafkin nan aka haife shi, shi ma ruwan ya gudu ya bar shi da shanunsa. Wata safiya ya same ni zaune da sungumina ina kallon gabas.

Ya ce, "Ya Kellu, wa kike jira?"

Na ce, "Hadari mana. Da me ake shuka a garinku?"

Ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ku mutanen yashi! Hadarin naki kina zaune a kansa."

Ya ɗauko sanda mai tsini, ya caka a ƙasa, ya zaro ta da danshi. Ya ce a jefa masara a rufe. Na ce masa shuka ba ruwan sama ai wasa da abinci ne. Grema, yau da nake maka rubutu ko ɗigo bai sauka ba, masarar ta kai mini ƙirji, kore shar, iya ganin ido. Da safe nakan shiga cikinta in yi shiru. Wallahi ana jin girmanta.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san mun bar uwarka Fanna da ƙannenka a gida da ɗan abin da ba zai kai su ko'ina ba. Babanka ya yi alkawari: in abin da muka noma ya isa ya kai mu wata shekara, zai aika musu hatsi, sannan ya kwaso su gaba ɗaya su dawo nan. In bai isa ba, mu tattara mu koma mu kalli yashi tare. Babanka babba, Ari, ya ce ƙaninsa ya haukace, mai hankali ba ya gina gida a gidan ruwa. Tun ranar ba sa magana. Ka sa mu a addu'a.

Shettima direban motar bandar kifi zai kawo maka wannan. Ta hannunsa za ka mayar da amsa.

Matarka ta fari,
Kaka Kellu

Damagaram, farkon damina

Zuwa ga uwargidana Kaka Kellu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ina lafiya, karatu sai godiya. A gaida Baba.

Takardarki ta iso da warin banda, har abokan ɗakina suka ce ashe matar tawa 'yar su ce. Na karanta musu ita daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin kifin da ya fi ki tsawo, ɗaya ya ce ko dai kifin babba ne ko kuma kakar ƙarama ce. Na ce duka biyun.

Kaka, ni fa na san ki. Ke ce kika ce mana kura ta taɓa roƙonki taba a hanyar kasuwa. Masara har ƙirji a cikin bazara, ba ruwan sama? To na ji. In ta yi 'ya'ya, ki aiko mini da guda in nuna wa malaminmu na aikin gona, ko ya daina wahalar da mu.

Wasa a gefe. Wani ɗan garinmu ya zo nan, ya ce Inna ta rage girki ya koma sau ɗaya a yini, kuma ta sayar da akuyar da ta rage. Ba ta aiko a gaya mini ba, shi ne ya faɗa. Don Allah ki gaya mini gaskiya tsirara, ban da gishiri: akwai abin da za a samu a wurin nan, ko Baba ya dawo gida tun damina ba ta wuce ba? Ina rasa barci a kan wannan.

Ga allura nan cikin takarda, don kada alƙali ya ji labarina.

Mijinki mai haƙuri,
Grema

Kyariri, da kaka

Maigida Grema,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, sai sauro. Sauron nan ba ya cizo a ɓoye kamar namu, sallama yake yi. Allura ta iso, miji ya fita kunya.

Ka ce in faɗa ban da gishiri. To ga masara guda na ba Shettima, ka auna ta da damtsenka, wanda ya fi kauri shi ne mai gaskiya. Mun girbe ta bazara, mun sake shukawa da damina, ita ma mun girbe. Tarin da ke bayan bukkata ya fi bukkar tsawo. Babanka ya tsaya a gabansa ya cire hula. Ni da na ga shekarar da muka daka ƙaiƙayi muka sha, na rasa inda zan sa idona.

Garin ma ya ƙaru. Mutane suna ta ɓullowa daga kowace kusurwa, wasu da jaki, wasu da tabarma kawai a ka. Akwai mai shayi yanzu, akwai wanzami, har da wani mai gyaran rediyo, alhali rediyon garin guda ne, shi ma nasa ne. Duk wanda ya iso, wurin babanka yake zuwa a nuna masa inda zai kafa bukka. In ka ga yadda yake nuni da sanda, ka ce da sarauta aka haife shi. Ni da na wanke masa gindi nakan kau da kai in yi dariyata.

Da muka gama sussuka sai aka zo kan ajiya, nan fa aka shigo gonata. Ka san duk ƙasar Manga ba macen da ta fi ni iya ramin hatsi. Ramina ne ya riƙe gidanmu a farkon fari lokacin da maƙwabta suka fara cin ganye. Na sa aka haƙa su a gefen tudu yadda uwata ta koya mini, baki ƙarami, ciki kamar tulu. Na hura wuta a ciki ƙasar ta bushe, na shimfiɗa ƙaiƙayi, na jera tabarmi, aka zuba masara, aka rufe, aka daddale. Ko ɓera ya zo sai dai ya yi sallama ya wuce.

Mbodu ya zo ya tsaya yana kallonmu, hannu a baya.

Ya ce, "Wa ya rasu?"

Na ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Hatsi muke ajiyewa."

"A ƙasa?"

"A'a, a sama, wurin taurari."

Ya ce, "Da ma can ɗin kika kai. Ya Kellu, mai gidan nan fa baƙunta ya tafi. Ba ya faɗin ranar dawowa."

Na ce masa damina ta wuce, sama ta bushe ƙarƙaf, ruwan zai zo a kan jaki ne? Na ce kuma ko ya zo, ramina ya sha ruwan sama shekara da shekaru bai taɓa yoyo ba. Na ƙara masa da cewa mutumin da bai taɓa mallakar hatsin da ya wuce cikin ƙwarya ba, ba shi zai koya mini ajiya ba. Ya ce haka ne, ya tafi yana girgiza kai. Da yamma ya aiko mini da nono, don haka ba mu ɓata ba.

Babanka ya ce sai an gama share sabuwar gona, can bayan sanyi, zai nemi dabbobin da za su kai wa uwarka rabonta. Ka kwantar da hankalinka, ka yi barci. Abincin ƙannenka yana kwance a ƙarƙashin ƙafata.

Taka har kullum,
Kellu

Kyariri, farkon sanyi

Grema,

Muna lafiya, ina fatan kana lafiya. Yau ba doguwar gaisuwa, Shettima ya ɗora kaya yana jirana.

Ruwan rijiyarmu yana hawowa. Da, sai na durƙusa na miƙa hannu. Yanzu daga tsaye nake ɗiba. Shekaranjiya na sa ƙwarya na ɗebo da ɗan kifi kamar yatsa a ciki, yana kallona ina kallonsa. Tsuntsaye kuma sun zo, farare, masu jaka a maƙogwaro, sun sauka a gabas da gari sun rufe ƙasa kamar an shanya auduga. Ba su zo cin masara ba. Tsaye kawai suke, duk sun fuskanci wuri ɗaya, kamar masu jiran liman.

Mbodu ya fara ɗaure ciyawar ruwa dami-dami yana yin jirgi a kan busasshiyar ƙasa. Na tambaye shi, ya ce ruwan saman da aka yi can ƙasashen kudu tun damina, sai yanzu yake isowa, a ƙafa yake zuwa, ba ya sauri. Babanka ya ce zancen tsofaffi ne. Ni dai jikina ya ba ni.

Ramukana ba na jin tsoro a kansu. Hanya nake ji. In ruwa ya raba mu da Boso, masarar nan ba ta isa wurin uwarka ba sai Allah ya yi ikonsa, kuma ka fi ni sanin abin da ke cikin tukunyarta.

Ga abin da nake so. Hutunku ya kusa. Kada ka tsaya, ka wuce gida, ka sami babanka Ari. Raƙumansa na nan, ba su fita fataucin gishirin mangul ba tukuna. Ka ce masa uwarsa ta ce ya taso da su duka, da buhuna, yanzu. Babanka Kyari ba zai roƙe shi ba ko za a yanka shi, kuma bai san na rubuta wannan ba. Ba wanda zan aika sai kai, motar Shettima ba ta bi ta garinmu.

Wannan ba tatsuniya ba ce.

Kakarka

Damagaram, ranar da aka ba da hutu

Uwargida ran gida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Masarar ta iso, na sha kaye, ta fi damtsena. Malaminmu ya karɓe ta ya ajiye a kan teburinsa. A kan wannan na ba ki gaskiya.

Amma takardarki ta baya-bayan nan, Kaka, kin so ki yi mini wayo. Kifi a rijiya, tsuntsaye suna jiran liman, tsoho yana sassaƙa jirgi a kan tudu kamar Annabi Nuhu. Da kika rufe da cewa ba tatsuniya ba ce, sai na tuna haka kika rufe saƙon da kika aiko mini bara waccan, wai kina kan gargara, in zo mu yi bankwana. Na taho ina kuka a bayan mota, na same ki kina cin dabino, ashe 'yar ƙawarki kike so in gani.

Na gane dabarar. So kike Baba Ari da Baba su haɗu a gabanki ki shirya su, ni kuma in zo ki ga ko na rame. Niyya mai kyau ce. Sai dai jarrabawar fita tana gabana, mu da yawa za mu zauna a makaranta wannan hutun mu yi bita. Ruwan da bai zo da damina ba, ya jira ni zuwa bazara. Da na gama zan je gida in taho da raƙuman da kaina, in ɗauke ki a kan na gaba kamar amarya.

A gaida kifin rijiya.

Naki,
Grema

Bakin ruwa, gabas da Boso

Kaka,

Don girman Allah ki amsa wannan, ko da kalma ɗaya ce. Kuna raye? Baba fa?

Shettima ya daina zuwa. Na yi ta zarya tasha, sai na haɗu da wani direba ya ce ai motar banda ba ta shiga Kyariri yanzu, tafki ya dawo. Na ce wane tafki? Ya dube ni kamar na tambaye shi wace rana ce ke fitowa da safe. Ban koma makaranta na ɗauki ko riga ba.

Na je gida. Inna ta rame har na kasa haɗa ido da ita, ƙannena kunun dusa suke sha. Na gaya wa Baba Ari saƙonki, da lokacin da kika aiko shi. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Tashi kawai ya yi ya fara ɗaura wa raƙuma sirdi.

Yanzu ga mu a inda sawun motoci ya gangara ya shige cikin ruwa. Kaka, ban san haka yake ba. Na karanta shi a littafi, na zana shi a allo da shuɗin alli, ashe ban san komai ba. Ba shi da ƙarshe. Ba ya ƙara, ba ya igiya, yana kwance ne kawai daga nan har inda sama ta sauka, ciyawa ta leƙo ta cikinsa, tsuntsayenki suna bisa. Raƙuma sun ja tunga, sun ƙi ko sunkuyawa su sha. Baba Ari ya sauka ya tsaya a bakin ruwan tun hantsi, carbi a hannu ba ya ja. Ɗazu ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, "Uwata tana cikin wannan?"

Na sami wani masunci ya ce ya san tudunku, zai kai takardar nan. Ya ce akwai mutane a can, amma bai san su wane ne ba.

Kin kira ni, na mayar da ke abin dariya a gaban abokaina. Da na taho lokacin, da masarar tana cikin tukunyar Inna. Ban san da wane ido zan dube ki ba.

Grema

Kyariri, tsakiyar ruwa

Zuwa ga Grema, mijin da ya zo biki bayan an watse,

Muna raye. Babanka yana lafiya, ni ma, ba wanda ya rasa ransa a garin nan, ko jaki. Ka gaya wa Ari ya ja carbinsa, uwarsa tana ciki, kuma tana cin abinci. Share hawayenka, namiji da gemu yana fitowa.

Da hantsi ruwan ya zo. Ina tankaɗe a ƙofar bukka sai na ga ƙasa tana ƙyalli daga gabas. Na ɗauka kawalwalniya ce. Sai na ga tana matsowa. Muka fita gaba ɗaya muka tsaya. Grema, ni na zaci in ruwa zai zo, da ruri zai zo kamar kwari ya cika. Wannan a hankali ya taho, yana bin tsagar ƙasa, yana cika wannan ya wuce waccan, bai fi tafin hannu zurfi ba, ƙwari da kunamu suna gudu a gabansa. Tsoho mai sanda zai iya tsere masa. Amma ba abin da zai tsayar da shi. Ya zo ya taɓa mini yatsun ƙafa, da sanyinsa, kamar mai gida ya dawo ya tarar da baƙi a ɗakinsa, bai yi faɗa ba, bai kuma fasa shiga ba. Wani ya fara kabbara, muka amsa. Mbodu ya durƙusa ya wanke fuska da shi yana kuka, shanunsa suka shige har wuya, ƙahonin nan nasu kamar tuluna suna yawo a sama.

Ruwan ya kewaye tudunmu ya tsaya ƙasa da bakin ramukana. Na dubi Mbodu na ce, "Ka gani?"

Ya ce, "Ya Kellu, ɗora hannunki a kan ramin."

Na ɗora. Da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi. Muka fasa. Warin tsami ya buge mu. Ta sama ta tsira ta yi fararen saiwoyi, ta ƙasa ta zama ƙullu. Ni duk raina ina tsaron ruwa daga sama, don a garinmu ta can kaɗai yake zuwa. Wannan ta ƙarƙashi ya shigo, tun ranar da rijiya ta fara hawowa. Ramin da ya fi kyau shi ya fi lalacewa, don ya fi zurfi.

Saboda haka ka rage wa kanka kaya. Da ka zo da wuri, da an fasa ramukan da wuri, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ba ka binne masara a cikin tafki ba, ni na binne. Kuma wanda ya saba kiran mutane da ƙaryar mutuwa, ranar da ya yi kiran gaskiya sai ya yi haƙuri. Mu raba laifin, ka ɗauki ƙaramin ƙunshi, ka bar mini babban, na fi ka saba ɗaukar kaya.

Duk garin aka taru ana kwasa, maza a rami, mata da ƙwarya, muka shanya abin da ya tsira a kan tabarmi da jiragen ciyawar Mbodu. Bai kai rabi ba. Akwai iri, akwai abin da zai ɗan riƙe mu, amma ba zai kai gida biyu wata shekara ba. Babanka ya zauna a kan turmi ya ce mini, "Ya, Ari ya yi gaskiya. In hanya ta buɗe, gida za mu."

Ruwan ya ƙara hawowa kaɗan ya shiga ramukan da ruɓaɓɓiyar masarar da muka bari a ciki. Na daina bi ta wajen, don kunya. Wata safiya sai na ji wurin yana tafasa kamar tukunyar taliya. Na leƙa. Tarwaɗa ce, Grema. Ta biyo warin masara ta cika ramin maƙil, baƙi ƙirin, kan wannan a kan wutsiyar waccan, ta shiga ta ƙaramin baki ta rasa hanyar fita. Na ƙwala ihu, aka zo da kwanduna. Ba taru, ba ƙugiya, ɗiba kawai ake kamar ana kwasar tuwo. A kwashe da safe, kafin la'asar ya sake cika. Mbodu ya riƙe baki ya ce shi da aka haifa a ruwa bai taɓa ganin tarkon kifi irin wannan ba, wa ya koya mini? Na ce uwata.

Yanzu garin nan hayaƙi ne ko'ina, kowa ya zama ɗan banda. Ni da nake toshe hanci in motar Shettima ta wuce, turaren wutana ma ya sallama. Masunta suna zuwa da jirage suna ba da gero su karɓi kifi. Jiya na ga babanka a bayan bukka yana kafa sababbin turaku, dogaye, zai ɗora rumbu a sama. Na ce, "Mai tafiya gida ne ke gini?" Ya ce, "Ya, Fanna ba ta son ɗaki mai kallon yamma, ina za mu sa nata?"

To ga aikinku. Jiragen da suka kawo maka wannan takarda suna ɗauke da banda da masarar da ta bushe. Ku ɗora wa raƙuma, kada su koma wofi. Kai ka raka kayan har tukunyar uwarka, ka tsaya ka ga ƙannenka sun ci sun ƙoshi, sannan ka koma ga jarrabawarka, in ka faɗi kada ka ce ni ce. Ka ce wa Fanna ta fara ɗaure kayanta. Ari kuwa ya bar raƙuman a hannun yaransa ya shigo jirgi ya zo. Ƙaninsa ba zai ce ya zo ba, amma tun safe ya sa aka yanka zakara.

Ni dai na tuba da haƙa. Rami ɗaya ya rage da zan yarda a yi mini a garin nan, na kuma nuna wa babanka wurin, can ƙololuwar tudu inda ruwa bai kai ba. Ka san ni da son a yi abu da kyau. Amma kada ka yi saurin neman wata, ba gaggawa nake ba.

Matarka,
Kellu